Zuwa Ga 'Ya'yanmu Na Tsaskiya Masu Neman Abinci Da Kwamfuta

'Ya'yana na Tsaskiya da Safana da Batsari, na gida da waɗanda karatu ko neman halali ya kai Dutsin-Ma, Katsina, Kano ko Abuja.

Ɗan ƙanwata ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Yaro ne mai ladabi, ya yi digirinsa na kwamfuta, ya gama hidimar ƙasa, ya samu aiki a wani asibiti a Katsina yana kula da na'urori da bayanan marasa lafiya. Albashin ba shi da yawa, amma ba ya yankewa, kuma in hanya ta yi lafiya yakan zo ya gaida mahaifiyarsa, ya kwana, ya koma. Bara sai ya ajiye aikin ya tare a Abuja, wai ya samu wani kamfani na Amurka da yake rubuta wa manhaja daga cikin ɗakinsa, ana biyansa da dala. Yanzu kowane yaro mai waya a garinmu burinsa ya zama shi.

Ban ce kuɗin ƙarya ba ne. Tun da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Wanda ake ba dala 500 a wata ya ninka ƙaramin ma'aikaci sau goma. Wa zai ga wannan ransa bai biya ba? Amma ku tambayi me ake sayarwa kafin a karɓi dalar. Dare ake sayarwa, 'ya'yana.

Tsakaninmu da Kalifoniya, inda manyan kamfanonin nan suka fi yawa, awa takwas ne ko tara, gwargwadon lokacin shekara. In sun buɗe ofis ƙarfe tara na safe, mu nan biyar ko shida na yamma ce. In sun tashi, mu ɗaya ko biyun dare. Magariba da Isha duk cikin aiki suke faɗawa. Wanda ya kwanta ƙarfe uku, wane ladani ne zai tashe shi Asuba? Da azumi kuwa, lokacin da ake kiran shan ruwa shi ne lokacin da mai gidansa ke kiran taro, Tarawihi kuma sai dai ya ji ta daga lasifikar masallacin unguwa. Ranar Idi ba hutu ba ce a kalandarsu. Sallar da ta wuce ɗan ƙanwar tawa bai zo ba, kuɗi ya turo, masu yawa. Mahaifiyarsa ta karɓa ta sa albarka, amma ni da nake ɗan'uwanta na san fuskarta. Ta kira shi da hantsi waya a kashe, yana barci. In ya farka ita ta kwanta. Kai yaro, wace irin rayuwa ce wannan? Matar da ta yi surfe da sussuka ta biya maka kuɗin jarrabawa, yau sai ta bar maka saƙon murya kamar mai neman alfarma? Ba haka muka tarar ba. Mu da muka yi aikin gwamnati, ko a ina aka jefa mutum, ranar jajibere yana gida.

Ana ce muku aikin nan ana yinsa daga ko'ina. Ko'inan nan babu Tsaskiya a ciki. Ba ku manta Satumban 2021 ba, da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, har da Safana da Batsari, saboda 'yan bindigar dajin Rugu, ba a buɗe ba sai Disamba. Mutum ya yi tafiya mai nisa don ya kira ɗan'uwansa. Wane kamfani ne zai jira ku wata uku? Wuta kuwa kun fi ni sani. Sai sola da batura da janareto, sai intanet mai tsada irin Starlink da ya shigo Najeriya a 2023, sai hayar Abuja da ake biya ta shekara. Cire waɗannan tukuna kafin ka ƙirga riba.

Akwai kuma abin da ya fi hana ni barci. Wasunku da sun samu ɗan abin hannu sai hotuna a Facebook, ga sabuwar waya, ga mota. Kai kana birni cikin katanga, tsohonka yana bakin daji, kuma kowa ya san masu garkuwa da mutane suna da masu kai musu labari. Don Allah ku rufa wa iyayenku asiri.

Sannan aikin ba shi da fansho, ba shi da garatuti, sau da yawa ko takardar ɗaukar aiki ta kirki babu. A Satumban 2019 kamfanin Andela, wanda ya yi suna wajen horar da matasan Afirka rubuta manhaja, ya sallami ƙananan ma'aikata sama da 400. A Nuwamban 2022 kamfanin da ya mallaki Facebook ya sallami mutum 11,000. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira tana yin aikin da ake ba sababbin shiga. Ni na ga irin wannan da idona. A zamaninmu babu mai daraja a sakatariya kamar mai buga tafireta, har shugaban ƙaramar hukuma lallaɓa shi yake yi. Da kwamfuta ta zo, aka tara injinan a sito. Wani abokina da ya fi kowa sauri, yatsunsa kamar ba sa taɓa ƙarfen, ya ƙare yana zaman jiran ranar ritaya ba mai kawo masa ko wasiƙa. Allah ya jiƙansa, har ya rasu yana shafa wa injin nan mai.

Kada wani ya ce kawu ya hana koyon kwamfuta. Ku koya, ku ƙware. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a kusa da mu tun 2011, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga shirin koyar da fasahar kwamfuta na 3MTT da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2023. Hanyoyin ma ba ɗaya ba ne. Bankuna da kamfanonin waya suna biya da kyau, sai dai su sha jinin mutum. Aikin gwamnati da koyarwa kuɗinsu kaɗan, amma da la'asar kana gida. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, in yana da amana, yana riƙe gidansa, haka mai haɗa sola, haka mai kula da cibiyar jarrabawar JAMB da ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Damfarar intanet kuwa sata ce, ba na ma son tsayawa a kanta. In aikin dalar ne ya zo, a nemi na Turai, inda tazarar ba ta wuce awa ɗaya ko biyu ba.

Roƙona gare ku, duk wanda aka yi wa tayin aiki, kada ya ajiye na hannunsa sai ya tambayi ƙarfe nawa ake farawa a agogonmu, ya zo ya zauna da iyayensa ya faɗa musu gaskiyar amsar, su yarda ko su hana. Allah ya yi muku albarka, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu.

Wassalam,
Kawunku.