Wasan Ces da Yadda Ake Buɗe Shi

Ces wani irin wasan dara ne wanda asalinsa daga ƙasar Indiya yake. Mutum biyu ke yinsa a kan allo mai gida 64. Kowannensu yana da 'ya'ya 16, na wannan farare, na wancan baƙaƙe. A cikinsu akwai sarki, da sarauniya, da dawaki biyu, da waɗansu manya, sa'an nan dakaru 8 a jere a gabansu. Mai farare shi ke fara tafiya. Wanda ya ritsa sarkin abokin wasansa, ya hana shi mafita, shi ya ci.

Tafiye-tafiyen farko su ake kira buɗe wasa. Gwanaye sukan nemi kama gidajen nan huɗu na tsakiyar allo, su fito da dawaki da wuri, su ɓoye sarki a bayan dakaru. Wanda ya yi sakaci a nan, sai a kewaye shi tun manyan 'ya'yansa ba su motsa ba. Saboda haka mai shiga gasa yakan yi nazarin yadda abokin karawarsa ya saba buɗewa, ya shirya masa.

A shekarar 1972 aka yi gasar zakaran duniya a ƙasar Aisilan, tsakanin Boris Sifaski na Tarayyar Sobiyet, wanda ke riƙe da kambi, da Bobi Fisha na Amurka. Kowa ya san Fisha yakan buɗe wasa da dakaren da ke gaban sarki. Amma da aka zo wasa na shida, sai ya fara da wani dakare na ɓangaren sarauniya, abin da ba a zata ba. Ashe ya yi ta nazarin wannan hanya a ɓoye. Ya matsa wa Sifaski lamba, har ya cinye shi a tafiya ta 41. 'Yan kallo suka yi tafi, shi ma Sifaski ya taya su, don ya ga gwaninta. Daga ƙarshe Fisha ya lashe gasar da maki 12½, Sifaski kuwa 8½.

To, yara, wanda ke son cin wasa ya gyara farkonsa. Da ma an ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Tambayoyi

1. Gida nawa ne a kan allon ces?
2. Abubuwa uku nawa ne gwanaye ke yi wajen buɗe wasa? Ku faɗe su.
3. Don me Sifaski ya yi tafi?