Jigon Tagwaitaka a Fasahar Zane ta Zamani

Manazarta adabi sun saba fito da jigo daga waƙa ko ƙagaggen labari. Wannan maƙala za ta gwada yin haka ga aikin da ido ke gani, ta hanyar duba dalilin da ke sa fasihi ya jera abu biyu masu kama da juna.

Misali na farko shi ne zanen da Frida Kahlo ta ƙasar Meziko ta yi a 1939, shekarar da aurenta da Diego Rivera ya mutu. Ta zana kanta sau biyu, suna zaune riƙe da hannun juna, ɗaya cikin farar riga irin ta Turawa, ɗaya cikin tufafin gargajiyar ƙasarta. Zukatansu a bayyane suke, jijiya guda ta haɗa su, jini na ɗiga a kan farar rigar. Da yake mahaifinta Bajamushe ne, mahaifiyarta kuwa 'yar Meziko, biyun nan mutum ɗaya ce da asali da baƙin ciki suka raba.

Na biyu shi ne aikin Felix Gonzalez-Torres, haifaffen Kyuba mazaunin Amurka. A 1991, shekarar da cutar ƙanjamau ta kashe masoyinsa, ya rataye agogon bango biyu iri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, an saita su a kan lokaci guda. Da tafiya ta yi tafiya, dole ɗaya ya riga ɗaya, kuma batirin wani ya riga na wani ƙarewa. Ma'anar aikin tana cikin 'yan daƙiƙun da suka shiga tsakani.

A nan gida, Yarbawa sukan sassaƙa ɗan gunki a madadin ɗan tagwayen da ya rasu, uwa ta riƙa yi masa wanka da sutura. Daga wannan al'ada fasihin Oshogbo, Taiwo Olaniyi, wanda ya rasu a 2011, ya fito. An haifi tagwaye sau bakwai a ɗakinsu, shi kaɗai ya rayu, har ya ɗauki laƙabinsa daga haka.

Abin lura shi ne, a duk misalan nan, biyu ba ta nuna cika. Rabuwa take nunawa, ko wadda ta auku ko wadda ke tafe. Saboda haka, idan ɗalibi ya tsaya gaban irin wannan aiki, sai ya fara neman inda biyun suka saɓa, domin kama da wane ba ta wane.