Kajiji a Dausayin Gida

Da wuya a sami gida mai yalwar fili, ko masallaci, ko makaranta, wanda ba shi da wani lungu da ba ya rabuwa da danshi rani da damina, ko dai bakin rijiya, ko gindin famfo, ko inda ruwan alwala yake gangarowa ya kwanta. Kuma galibin abin da masu wurin suke nema daga gare mu, mu masu sana'ar raya lambuna, shi ne mu kawo jar ƙasa da tsakuwa mu cike shi kowa ya huta. Shawarar da na saba bayarwa kuwa ita ce a dasa kajiji, domin ruwan da yake kashe rumman da lalle shi ne rayuwar wannan tsiro, kuma ruwan alwala, wanda mafi yawan malaman fiƙihu ba su hukunta shi da najasa ba, barinsa ya tafi a banza alhali yana iya raya shuka yana kusa da israfi.

Kajiji ɗan ƙasa ne, ba baƙo ba. Yana fitowa da kansa a bakin tafkuna da fadamu, daga dausayin Haɗeja da Nguru har gaɓar Tafkin Cadi, kuma likitan nan Dalziel ya lissafa shi cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda aka buga a 1916. Iyayenmu mata sun riga masana saninsa, gama da saiwarsa mai ƙamshi suke haɗa turaren wuta, musamman a ƙasar Barno inda wannan fanni ya kai matuƙa. Abin mamaki kuma, shi wannan tsiro yana nan a ƙasar Brazil, inda manoman jihar Para suke noma shi takanas suna sayar wa masu yin turare, mu kuwa har yanzu mafi yawanmu sai dai mu bi shi daji mu tono.

Wajibi ne mai niyyar dasawa ya fara da tantance abin da ya ɗauko, saboda kajiji yana da dangi da maƙwabta waɗanda shigo da su gida nadama ce. Aya-aya, wadda manoman lambu suka sani sarai, gajeruwa ce mai kara kusurwa uku da ganye a gindi, kuma idan ta kama wuri sai a shekara ana fama da ita. Kachala kuwa ganyenta faffaɗa ne, kanta kamar zangarniyar gero, kuma ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja da Nguru bayan da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya yadda ruwa yake zuwa da janyewa. Shi kajiji karansa a mulmule yake, kore shar, ba ganye a jikinsa sai ɗan kube a ƙasa, yakan kai ƙirjin mutum ko ya wuce; idan ka kama busasshen karan tsakanin yatsu biyu ka ja, za ka ji gaɓoɓi jere a cikinsa ɗaya bayan ɗaya, idan kuma ka kankare saiwar da farce, ƙamshin da zai bugi hancinka ya isa hujja.

Dasawar ba ta da wahala. A haƙa kwari marar zurfi, misalin taƙi ɗaya ko biyu, a inda rana take samu sosai, a bar masa ƙasarsa ta laka, a gauraya ɗan ruɓaɓɓen taki. A yanka saiwar gunduwa-gunduwa, kowace da ido biyu ko uku, a binne su ba da nisa ba, kamu guda tsakanin wannan da wancan, a danne. Sai dai lalle a yi wa kwarin iyaka da bulo, ko a nutsar da rabin duro a dasa ciki, domin saiwar tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kuma na ga gidan da aka yi sakaci da wannan har kajiji ya ɓullo tsakiyar fangalin albasa.

A nan ne mas'alar da ta fi kowace muhimmanci take, wato sauro, kuma ita ce ake fara jefo mini a duk inda na kawo wannan magana. Masu tambayar suna da gaskiya, gama sauron da yake kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwa marar zurfi, mai ɗan tsabta, wanda rana take duka, kuma a lokacin zafi mako guda zuwa kwana goma ya ishi ƙwansa ya zama sauro mai tashi. Saboda haka maƙasudin aikin shi ne ƙasa ta zauna a jiƙe, ba ruwa ya tsaya a sama ba: a shimfiɗa tsakuwa da yashi a inda ruwan yake shigowa, a buɗe masa mafita ta ƙasan kwarin, a kuma lura kada ya wuce kwana biyu zuwa uku a kwance. Idan aka kiyaye wannan sharaɗi, kajijin da ya yi kauri yana tsotse ruwan ya fitar da shi ta karansa, har wurin ya fi yadda yake a dā bushewa. Amma ruwan makewayi da na wanki mai yawan omo, kada a kusanto da su, musamman da yake saiwar jikin mutane da tufafinsu za ta koma.

Idan kajijin ya kusa shekara, a tsakiyar rani, sai a tone shi, a bar sulusi a ƙasa domin ya sake tohowa. A wanke saiwar, a cire gashinta, a shanya a inuwa inda iska take ratsawa, domin zafin rana yana rage mata ƙamshi, ajiye ta da sauran danshi kuma yana sa ta fumfuna. Karan ma ba a yar da shi: ana saƙa tabarma da shi, wanda bai iya saƙa ba kuwa ya shimfiɗa shi a gindin itatuwan lambu ya riƙe musu laima.