Injin ban-ruwa mai aiki da rana: yadda ake tsare shi da yadda ake jin labarinsa daga nesa

A fadamar Tarka, cikin ƙasar Madawa da Buza, noman rani shi ne abin dogaron gidaje da yawa. Albasa ce ke biyan bashi, ita ce ke aurar da ɗiya. A shekarun 1990, aikin raya fadamar Tarka ya yaɗa ƙananan rijiyoyin tiyo da injin ban-ruwa mai shan isansi. A ƙasar Keita kuma, babban aikin da aka soma a 1984 da taimakon ƙasar Italiya ya gina madatsun ruwa, garake suka ƙaru.

Amma injin isansi kullum da bakinsa buɗe. A 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, isansin da ke shigowa ta iyaka ya yi tsada. A watan Maris na 2025 an yi ƙarancinsa cikin Nijar, daidai lokacin da albasa ke neman ruwa. Shi ya sa masu garka da ƙungiyoyin manoma ke komawa ga injin da ke aiki da hasken rana. Abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1965 aka kafa ma'aikatar binciken ƙarfin rana, ONERSOL, wadda Abdu Mumuni ya daɗe yana shugabanta. A Malbaza ma, tun 2018 akwai tasha mai megawat 7.

Kayan kashi uku ne. Akwai pano, wato faifan da ke maida hasken rana wuta. Akwai akwatin da ke daidaita wutar. Akwai famfon kansa, cikin rijiya ko bakinta. Kuɗinsu da yawa, kuma sau ɗaya ake zuba su. Ga shi garka tana daji, mai ita yana kwana cikin gari.

Abubuwan da ke ɓata kayan

Na farko ƙura. Lokacin hunturu, buji yana rufe pano kamar an barbaɗa gari. Hasken da ke shiga ya ragu, ruwa ma ya ragu. Ana wanke shi da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe ko da marece. Ba a zuba ruwan sanyi bisa gilashin da ya yi zafi da tsakar rana, yana iya tsagewa. Ba a goge shi da busasshen tsumma, don rairayi yana karce shi.

Inuwa ta fi ƙura wayo. Ƙananan gidajen da ke cikin pano a jere suke, wuta tana bi daga wannan zuwa wancan kamar ruwa cikin lambatu guda. In an toshe wuri ɗaya, na gaba ba ya samu. Reshen dogon yaro, ko kashin tsuntsu, ko rigar da aka shanya a gefe, ya isa ya rage ƙarfin faifan gaba ɗaya. Mutanen Magiya sun san amfanin layukan itatuwan da aka soma dasawa a 1975 don kare iska. Ba a ce a sare su ba. Sai dai a kafa pano nesa da inuwarsu, yana kallon kudu, a jirkice kaɗan, kamar digiri 15.

Sai rijiya. Famfon da ke cikin rijiya, ruwa ne ke sanyaya shi. In ruwa ya janye yana ta juyawa a bushe, zai ƙone. Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ake saukarwa sama da famfon kaɗan. Da ruwa ya sauka ƙasa da shi, sai ya tsaida injin. Wasu masu sayarwa suna barin shi don kayansu su yi araha. Wannan arahar ba ta da amfani: kuɗin sabon famfo ya ninka nasa sau da yawa.

Da damina akwai tsawa. Ana kafa sandar ƙarfe mai rufin tagulla cikin ƙasa mai danshi, a haɗa ta da ƙafafun pano da akwatin. A sa waya cikin tiyo a binne ta, saboda kusu da awaki. A kewaye wurin da shinge. Kuma a ja kunnen yara: pano da yawa da aka haɗa a jere suna ba da wutar da ke iya kisa, kuma muddin akwai rana akwai wuta cikin wayar, ko an kashe famfo.

Ɓarawo kuwa pano yake so, don yana da sauƙin ɗauka da sauƙin sayarwa. Mai walda yana iya ɗaure shi cikin ƙarfe. A rubuta sunan ƙungiya da fenti a bayansa. Kowane pano yana da lambarsa. A kwafe ta cikin littafi, a ajiye tare da takardar saye. Ranar da aka je wurin jandarma, ita za a tambaya.

Akwatin da ke aiko da labari

Yanzu akwai wani ɗan akwati da ake haɗawa da injin. A cikinsa akwai layin salula, irin wanda ke cikin wayar kowa. Yana auna wutar da pano ke bayarwa. Yana ƙirga awoyin da famfo ya yi aiki. In an sa masa ma'aunin ruwa, yana faɗin lita nawa aka ɗebo. Sai ya aika da labarin ga wayar mai garka, ko ga mai gyara da ke Madawa ko Tawa. Kamfanoni irin su Lorentz na Jamus suna yin famfon da ke da wannan dabara.

Amfaninsa a nan yake: labari yana zuwa da wuri. Albasar da aka dasa ba ta jiran mako guda babu ruwa. In injin ya tsaya da hantsi, saƙo ya iso da hantsi. Mai gyara kuma ya san ciwon kafin ya hau babur, sai ya zo da kayan da ya dace, tafiya ɗaya.

Lambobin suna magana ga wanda ya iya karanta su. In wuta tana raguwa kaɗan-kaɗan kowace rana, ƙura ce ko inuwa. In wuta ta cika amma ruwa ya ragu, a duba rijiya: ko ta janye, ko rairayi ya shiga famfo, ko tiyo ya fashe. In injin yana tsayawa yana tashi da tsakar rana, ana jan ruwa fiye da abin da rijiyar ke kawowa. In gari ya waye sarai amma babu wuta ko kaɗan, a tafi garka nan take: ko waya ta tsinke, ko an ɗauke pano.

Akwatin ba mai gadi ba ne. Yana faɗi, ba ya kamawa. Inda babu rezo, kamar cikin wasu kwaruruwan duwatsun Adar, bebe ne. In kuɗin layin ya ƙare, haka. Sau da yawa kuma saƙon da Faransanci yake zuwa, don haka ƙungiya ta zaɓi mai karatu guda, mai gyara ya koya masa ma'anar kowane saƙo, ya rubuta da Hausa.

Akwai abin da ya kamata a sani kafin a sa hannu a takarda. Hanyar da ke kawo labari, ita ce kuma ke kai umarni. Kamfanin da ya ba da kaya bashi, ana biya kaɗan-kaɗan, yana iya kashe injin daga nesa in biya ya yi jinkiri. Mai albasa kuwa ba ya da kuɗi sai ya girbe. A nemi a karanta takardar gaban shaidu. A tambaya: kwana nawa ake ɗaga wa mutum ƙafa? Wa ke biyan kuɗin layin? In kamfanin ya rufe, injin zai ci gaba da aiki?

Rana ba ta neman kuɗi, shi ya sa wasu ke barin famfo yana zuba har fangali ya cika ya malale. Ruwan da ke ƙarƙashin fadama na kowa ne. In ya yi nisa, rijiyar maƙwabci ce ke fara ƙafewa. Ma'aunin ruwa yana ba ƙungiya damar sanin abin da kowa ya ɗiba.

Aiki a makarantar yaƙi da jahilci

Kowane ɗalibi ya ja layi huɗu cikin littafinsa: rana, awoyin aiki, litar ruwa, abin da aka gani. Sai a yi wannan lissafi. Wani famfo yana ba da lita 20.000 kowace rana. Bayan mako biyu na buji ba a wanke pano ba, ya koma 15.000. Lita nawa ake asara a rana? Lita nawa ke nan cikin kwana 7?