Motata Tana Zafi a Cunkoso

Wani mai karatu daga Kano ya rubuto cewa tsohuwar Mercedes ɗinsa mai shan dizal tana zafi a gosulo, amma da ya hau babban titi sai ta huce.

Malam, kwantar da hankalinka, alamar mutuwar kulocin fanka ce. Man silikon ne a cikinsa. Idan ya tsiyaye, fanka ba ta janyo iska ta lagireto. Kashe injin, ka juya fankar da hannu: in ta yi ta wulwulawa ba turjiya, sai canjin kulocin.

Sayi sabo daidai da injinka. Bakanike ya duba fambel, fukafukan fanka da famfon ruwa. Kada ka yarda a walde kulocin, domin zai ƙara shan mai ya gajiyar da famfon. Kada kuma a buɗe murfin lagireto da zafi.