Kafin ku ce masa ya zo gida, ku tambayi takardunsa

Jama'ar Yawuri, Ngaski da Shanga, musamman iyaye da yayyen da suke da ɗa ko ƙani a ƙasar waje.

Sana'ata yankan tikitin jirgin sama da shirya wa matafiya takardu. Wayata ta fi ƙara gab da Sallah da lokacin bikin Rigata, sai kuma in an yi rasuwa. Kafin in duba kuɗin jirgi, tambaya ɗaya nake yi: iznin zaman nan yana hannu, ko yana gaban hukuma? Amsar da na fi ji ita ce, "Ai an riga an tura, jira kawai ake." To a wannan jiran mutanenmu suke yin asara.

A Birtaniya, inda ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi suka yi yawa, wanda ya nemi ƙarin wa'adi kafin bizarsa ta ƙare yana da kariyar sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971. Zai ci gaba da zama da aikinsa har a yanke hukunci, ko da ranar da ke jikin bizar ta wuce. Amma kariyar ta cikin ƙasa ce. Ranar da ya bar yankin Birtaniya da Ayilan, hukuma za ta ɗauka ya janye buƙatarsa, ba ruwanta da dalili. Kamar fasinjan kwale-kwale ne a tsakiyar Kwara, ba wurin sauka sai an kai gaɓa.

Na ga wannan da idona. Wata baiwar Allah 'yar wajen Ngaski tana aikin jinya a can, mahaifiyarta ta kwanta ciwo. Yayanta ya zo mini ido jajir yana cewa, "Alhaji, a nemo mata jirgi ko nawa ne, Inna sunanta kawai take kira." Na ce a dakata a ji matsayin takardunta. Bai ji daɗi ba, ya je wani wuri aka yanka. Ta sauka Abuja, ta biyo ta Kontagora, ta iso gida, Inna kuma Allah Ya ba ta lafiya. Ana cikin murna saƙo ya shigo wayarta cewa an rufe buƙatarta. Tsohuwar biza ta riga ta ƙare. Dole ta sake nema daga nan, da sabon kuɗi, da zaryar Abuja ɗaukar hoton yatsu, tana roƙon wurin aikinta su jira ta. Albashin da ake sayen maganin Inna da shi ya tsaya cak.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai mafita. Bizar ma'aikatan lafiya yawanci cikin mako 3 ake amsawa, ta sauran ma'aikata mako 8. Ga masu nema da yawa akwai layin gaggawa da ake biya, amsa ta fito cikin kwanakin aiki 5. Da kuɗin tikitin nan aka zuba a can tun farko, da ta zo hankali kwance.

Amurka ma haka take. Mai jiran katin zama na dindindin, in ya fita ba tare da takardar iznin tafiya da ake nema da fom I-131 ba, an ɗauka ya yi watsi da nemansa, sai 'yan rukunai kaɗan kamar masu bizar H-1B. Kuma a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar da ake ba 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai wata 3, don haka fita ta fi komawa sauƙi nesa ba kusa ba. A Saudiyya kuwa, mai iƙama ba ya dawowa sai da bizar fita da komawa, kuma kwanakinta ba sa wuce na iƙamar. A sabunta iƙama tukuna, a duba manhajar Absher da ido, kada a tsaya kan "kafili ya ce ba komai".

Na san nauyin maganar. A garinmu, ɗan da bai zo jana'izar mahaifinsa ba sai ya sha gori, kuma shi ma abin yana cinsa a zuci. Amma addu'a tana isa daga ko'ina, ta'aziyya kuma ana karɓarta ko bayan arba'in. Ni ba lauya ba ne, kuma dokokin nan suna sauyawa, saboda haka mai nema ya tuntuɓi lauyan shige da fice mai rajista a ƙasar da yake, a rubuce.

Iyayenmu, don Allah in yaro ya ce takardunsa suna gaban hukuma, ku sa masa albarka ku ce ya zauna har su fito.