Mai Ciwon Sukari da Maiƙon da Ke Toshe Hanyoyin Jini

Kwanakin baya mun je gaida wani dattijon ikilisiya a Yelwa, nan cikin garin Bauchi, bayan an sallamo shi daga asibiti. Shekara 11 ke nan yana fama da ciwon sukari, kuma duk wanda ya san shi zai shaida mutum ne mai kiyaye doka. Ya bar lemon kwalba, ya bar sukari a koko, har yana da ɗan littafin da yake rubuta awon sukarinsa kowace safiya. Duk da haka wata asuba ya farka hannunsa na dama ba ya ɗaguwa, bakinsa kuma ya karkace. Matarsa ta miƙo mini littafin ta ce, "Malam, duba ka gani, sukarin bai hau ba. To, me ya kawo wannan?" Na tambaye ta ko an taɓa auna maiƙon jininsa. Ta ce ba ta ma san ana irin wannan awo ba. Tambayar baiwar Allahn nan ce ta haifi darasinmu na wannan fitowa.

Maiƙon da muke magana a kai shi ne likitoci ke kira kolastarol. Ba dafi ba ne. Jiki yana bukatarsa don gina ƙwayoyin halitta da haɗa ruwan ɗaci mai narkar da kitse, kuma hantar mutum ce ke yin mafi yawansa, abinci yana ƙara sauran. Shi ya sa siriri ma yana iya samunsa da yawa. Da yake mai ba ya gauraya da ruwa, sai an ƙunshe shi kafin ya bi jini. Ƙunshi biyu ne suka fi damunmu. Wanda ake kira LDL yana ɗaukar maiƙon daga hanta zuwa sassan jiki, shi ne mai ɓarna idan ya yi yawa. Wanda ake kira HDL yana kwaso ragowar ya mayar wa hanta.

Yawancinmu muna ɗaukar jijiyar jini kamar bututun da ke kawo mana ruwa daga madatsar Gubi. Ba haka take ba, gama jijiya tana da rai. Cikinta a shafe yake da wata shimfiɗa mai santsi wadda kaurinta bai wuce ƙwayar halitta ɗaya ba. A shekarar 1980 wani masani a Amurka, Robert Furchgott, yana gwaji da jijiyar zomo, ya lura cewa idan aka goge shimfiɗar nan, jijiyar ba ta ƙara saki ko da an zuba mata sinadarin da ya saba buɗe ta. Daga baya aka gano shimfiɗar tana fitar da wata iska mai suna naitirik oksayid. Ita ce ke sa jijiya ta buɗe sa'ad da mutum ke gudu ko noma, ita ce kuma ke hana jini mannewa a bango. A kan wannan aiki aka ba Furchgott, da Louis Ignarro, da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998. Duk wanda ya yi tunani a kan wannan sirrin halitta ba zai rasa dalilin girmama Mahalicci ba.

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sukarin da ya daɗe da yawa cikin jini shi ne ke tsaga bangon. Yana raunana shimfiɗar, iskar da ke buɗe jijiya ta ragu, jijiyar ta sandare. Ta nan LDL ke kutsawa ƙarƙashin shimfiɗar ya maƙale, ya lalace kamar yadda man da ya daɗe a kwalba ke yin ɗoyi. Fararen ƙwayoyin jini sukan zo su haɗiye shi, su kumbura, su mutu a wurin. Shekara da shekaru abin yana taruwa har ya zama tudu a bangon jijiya, hanya ta ƙuntata. Wata rana tudun ya fashe, jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe cikin 'yan mintoci. Idan a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Akwai wani abu kuma da nake so mai karatu ya riƙe da kyau. A jikin mai ciwon sukari, ƙunshin LDL yakan zama ƙanana masu tauri, sukari kuma yana manne musu. Irin waɗannan sun fi daɗewa cikin jini, sun fi saurin ratsa bango. HDL mai sharewa yakan yi ƙasa, wani maiƙon kuma da ake kira tiraigilisarayid ya yi sama. Saboda haka lambar da za a ce wa lafiyayye "ba damuwa" tana iya zama abin damuwa ga mai ciwon sukari. Haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki a wurinsa ya ninka na sauran mutane sau biyu ko fiye. Kiyaye sukari yana kare ido da ƙoda sosai, amma manyan jijiyoyi suna bukatar a lura da maiƙo da hawan jini su ma, a kuma rabu da taba.

Maiƙon jini ba ya ciwo, ba ya sa zazzaɓi. Wani lokaci ƙafa ce ke fara ba da labari: mutum ya kama hanyar kasuwar Wunti, sha-raɓarsa ta ɗaure da ciwo, ya tsaya ta saki, ya ci gaba ta sake kamawa. Ko kuwa ɗan gyambo a yatsa ya ƙi warkewa domin jini ba ya isa wurin, har ta kai ga yanke ƙafa. Ga magidanta, raunin da kan same su a sha'anin aure sau da yawa alama ce ta jijiyoyin da suka fara gajiya. Wannan magana ce ta kai wa likita, ba ta mai tallar magani da lasifika a tasha ba.

Labari mai daɗi shi ne akwai magani. A 1973 wani Bajapane, Akira Endo, ya samo daga wata irin fumfuna sinadarin da ke rage yawan maiƙon da hanta ke yi. Daga nan aka samu dangin magungunan da ake kira sitatin, irin su simvastatin da atorvastatin. An gwada su a kan masu ciwon sukari. Wani bincike da aka yi a Ingila da Ayalan, aka buga a 2004, ya bi mutum 2,838 masu ciwon sukari waɗanda ba su taɓa ciwon zuciya ba, maiƙonsu kuma bai yi wani hawa na a zo a gani ba. Waɗanda aka ba atorvastatin miligiram 10 kullum sun sami raguwar manyan cututtukan zuciya da jijiyoyi da kashi 37 cikin 100, shanyewar jiki kuwa ta ragu kusan rabi. Amfanin ya fito fili har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. Shi ya sa a yau likitoci kan ba yawancin masu ciwon sukari daga shekara 40 zuwa 75 wannan magani. Likita ne ke rubuta shi, mai juna biyu ko mai shayarwa ta faɗa masa tukuna, wanda kuma ya ji ciwon tsoka bayan ya fara sha ya koma a duba shi.

A nan dole in yi magana a matsayin ɗan'uwa cikin Ubangiji. Na ga waɗanda suka dawo daga taron addu'a suka zubar da ƙwayoyinsu, suna cewa shan magani rashin bangaskiya ne. Allah yana warkarwa, ba ma shakka. Amma a 2 Sarakuna sura 20, bayan Allah ya ji addu'ar sarki Hezekiya, annabi Ishaya ya sa a ɗora masa ɓaure a kan marurun. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Haka kuma idan baki ya karkace ko hannu ya mutu farat ɗaya, kada a zauna ana neman wanda ya yi sammu. A ɗauki mutum nan take zuwa asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a yi addu'ar a kan hanya, domin kowane minti ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna mutuwa.

Sauran aikin yana madafa, kuma iyayenmu na Zumuntar Mata sun fi ni saninsa. Man shanu, kitsen nama, fatar kaza da kayan ciki su ne suka fi tada LDL. Kwalbar mai da aka rubuta mata "babu kolastarol" ba ta yi ƙarya ba, sai dai duk man da ya fito daga tsiro haka yake. Man ja ma ba shi da kolastarol, amma kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa wanda ke sa jiki ya tara nasa. Man gyaɗa da na waken suya sun fi, a kuma rage zubawa, a daina maimaita suya da mai ɗaya har ya yi baƙi. Masar Bauchi ba ta da na biyu, ni ma shaida ne, amma shinkafa ce da mai, mai ciwon sukari ya ci kaɗan, ba kullum ba. Wake, zogale, kuɓewa, kuka da kifi su yawaita. Acca tana da kyau, amma hatsi ce ita ma, sai an auna. Tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar a mako tana taimaka wa sukari da maiƙo da hawan jini gaba ɗaya.

Wanda ke zuwa asibiti don sukari ya roƙi likita a yi masa gwajin maiƙon jini, ma'aikatan ɗakin gwaji suna ce masa lifid furofayil. A tambayi lambar LDL musamman. Ga mai ciwon sukari ana son ta sauka ƙasa da 2.6 a ma'aunin milimol, ga wanda haɗarinsa ya fi yawa ƙasa da 1.8, wanda ya riga ya taɓa bugun zuciya ko shanyewar jiki kuwa likita zai nemi ta ƙara sauka. A maimaita gwajin sau ɗaya a shekara, ko yadda likita ya tsara. Dattijon namu na Yelwa ya fara takawa da sanda zuwa sujada, hannun dai har yanzu ana gasa shi. Matarsa ce ke riƙe da littafin yanzu, ta kuma ja layi biyu a gefen na sukari, ɗaya na hawan jini, ɗaya na maiƙo.